Cibiyar rana ta manya masu otizam da raunin fahimta: me ya kamata su wuni suna yi?

Malama Rabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna batun cibiyoyin rana na manya, wato wurin da mai otizam (larurar da ke shafar yadda mutum ke sadarwa da mu'amala da mutane) ko mai raunin fahimta da ya wuce shekarun makaranta zai je da safe ya dawo gida da yamma. Tallafin makaranta yakan yanke ne rana ɗaya. Ko a Amurka, inda doka ta ɗora wa makarantu nauyin koyar da su, haƙƙin yana ƙarewa ne a wajen shekara 21. Daga nan sai zaman gida, abin da aka sha wahala aka koya ya fara zubewa, mai kula da shi kuma ba ta da halin fita ko nan da can. To idan za a buɗe irin wannan cibiya, ko iyali za su zaɓi ɗaya, da me ake gane ta kirki?

Hajiya Talatu:
Wa alaikumus salam Malama Rabi. Kada ki duba gini, kada ki duba takardun da ke bango. Ki nemi kujera ki zauna a gefe awa ɗaya da takarda da agogo. Ki zaɓi mutum ɗaya. Duk bayan minti 5 ki ɗaga kai ki kalle shi a daidai wannan lokacin, ki rubuta ɗaya daga cikin biyu: yana cikin wani abu, ko yana zaune kawai. Awa ɗaya za ta ba ki alama 12. Idan yawancinsu "zaune kawai" ne, kin samu amsarki, ko da jadawalin wurin cike yake da sunayen darussa.

Inda lokaci ya fi salwanta shi ne jira. Jiran sauran su iso da safe, jiran a kawo kayan aiki, jiran layin banɗaki, jiran motar komawa. Sai a kunna talabijin don a rufe wannan giɓin, kuma da zarar an saba, talabijin ta zama ita ce shirin. Abin da masu bincike Jim Mansell da David Felce suka lura da shi ke nan a gidajen kula da masu raunin fahimta a Ingila tun shekarun 1980: ma'aikata na ta shara da wanki da goge-goge, waɗanda aka yi gidan dominsu suna zaune suna kallo. Maganin da suka kawo ba shi da tsada. Duk aikin da ma'aikaci zai yi, a tambaya wane ɓangarensa mutumin zai iya yi da kansa. Wanda ba zai iya wanke kofi ba zai iya riƙe shi a ƙarƙashin famfo. Kaɗan-kaɗan, amma sau da yawa a rana.

Malam Sanusi:
Na yarda da Hajiya, sai dai mai otizam ba zai shiga aiki ba in bai gane abin da ake nema a gare shi ba. Yawancin abin da ake kira taurin kai rashin ganin ƙarshen abu ne. Tsarin koyar da masu otizam na TEACCH, wanda Eric Schopler ya jagoranta a Jami'ar North Carolina da ke Amurka kuma ya zama shirin jihar baki ɗaya a 1972, ya ce teburin aiki shi kansa ya amsa tambaya huɗu ba tare da kowa ya buɗe baki ba: wane aiki zan yi, nawa ne, yaya zan san na gama, me ke biye.

A aikace: kwanduna uku a hagun mutum, kowanne da aiki ɗaya da aka riga aka ƙidaya, misali tawul 10 da za a ninke. Ya ɗauko kwando, ya yi aikin a tsakiya, ya ajiye a akwatin "an gama" da ke damansa. Idan hagu ta zama wayam, aiki ya ƙare, ga kati yana nuna abin da ke gaba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ma'aikaci ya ga mutum ya yi sauri sai ya ƙara masa tawul a kwando. Ka yi haka sau biyu, ya daina yarda da kwandon, gobe ba zai taɓa shi ba.

Jadawali ma haka. Ana buga zane 12 a liƙa a bango don mutumin da bai gane cewa zanen cokali yana nufin cin abinci ba. A gwada tukuna: a ajiye kaya biyu na gaske, a miƙa masa hoton ɗaya, a ga ko zai haɗa su daidai sau 8 cikin 10, ana sauya wurin kayan. In bai iya ba, jadawalinsa ya zama na kaya: kofi na nufin shan ruwa, takalmi na nufin fita. A fara da abu biyu kawai, "yanzu" da "sannan". Kuma a tanadi katin "an canza", a riƙa gwada shi a kan canji mai daɗi, kafin ranar da mota za ta lalace.

Abdulmumin:
Malam, ban musa amfanin kwandunan ba, amma me ke cikinsu? Mutum mai shekara 35 ya wuni yana ware maɓallai ja da shuɗi, ƙarfe uku ma'aikaci ya juye su a roba ɗaya ya gauraya don gobe. Wasu suna ganin lokacin da ake gaurayawar, kuma sun gane. Wannan cin fuska ne. In za a ware abu, a ware wanda wani ke jira: wankin cibiyar, cokulan da za a ci abinci da su, takardun da za a raba.

Ni a ganina ma matsalar ta wuce nan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, sashe na 19 ya yi maganar rayuwa a cikin jama'a, na 27 ya yi maganar aiki. Tara mutum 40 a gini ɗaya daga safe zuwa yamma ware su ne, ko da an kyautata musu. Ku dubi Project SEARCH da aka fara a asibitin yara na birnin Cincinnati da ke Amurka a 1996: matasa suna shekara guda a cikin ma'aikata ta gaske, suna zagaya sassa uku, suna koyon aikin a inda ake yin sa, burin kuma a ɗauke su aiki da albashi. Cibiya ta zama wurin da ake haɗuwa a fita, ba wurin da ake wuni ba.

Hajiya Talatu:
Ɗana Abdulmumin, maganar maɓallai gaskiyarka ce, ba ni da ja. Amma ka yi a hankali da "kowa ya fita". Akwai wanda farfaɗiya ke kama shi sau da yawa a mako. Akwai wanda sai an canza masa ƙunzugu a kan gado mai ɗagawa, kuma banɗakunan waje ba su da shi. Akwai wanda hayaniyar babban kanti ke sa shi dukan kansa. Waɗannan in ka rufe cibiya ba aiki za su samu ba, ɗaki za su koma.

Sannan ba kowace fita ce shiga jama'a ba. A zuba mutum takwas a bas a yi ta zagaya gari da su awa biyu, ba wanda ya sauka, a rubuta "an fita". Ko a shiga wuri da su a jere, kowa ya ja baya yana kallo. Fitar da ke da amfani ita ce mutum biyu ko uku da ma'aikaci ɗaya, wuri ɗaya, rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, da aikin da za a yi a can. Maimaitawar ce ke sa mai wurin ya san sunansa har ya tambaya in bai zo ba. Kafin a fara, ma'aikaci ya je shi kaɗai ya ga ina banɗaki, ina ƙofar fita, wane lokaci ne ba cunkoso, ina za a zauna in abu ya rikice.

Abdulmumin:
Na karɓi wannan, Hajiya. Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne kuɗi. In cibiya tana sayar da abin da suka yi da hannunsu, ko ta karɓo kwangilar cusa kaya a kwali, a biya su, a rubuta, iyali su gani. A Amurka sashe na 14(c) na dokar ƙwadago ta 1938 ya halatta biyan masu nakasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi, kuma jihohi da dama sun soke hakan a wurinsu saboda an ga inda yake kaiwa: mutumin da ya fi kowa iya aiki shi ne cibiya ba ta son ya tafi, don shi ke cika kwangilar.

Malama Zuwaira:
Bari in shigo ta wajen koyarwa, don ko a ciki ko a waje, in ba a iya koyarwa ba mutum zai shekara goma yana "koyon" wanke hannu.

A fara da rarraba aikin. Ma'aikaci ya yi aikin da kansa yana rubuta kowane motsi. Wanke hannu kaɗai yakan kai mataki 8 zuwa 10: buɗe famfo, jiƙa hannu, ɗaukar sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa, rufe famfo, ɗaukar tawul, gogewa, mayar da tawul. Duk ma'aikata su bi jeri ɗaya. In Malam A yana sa a fara da sabulu, Malama B tana sa a fara da ruwa, ba mutumin ne ya kasa ba.

Ga wanda ke saurin karaya, a koyar daga ƙarshe. A taimaka masa a duk matakan, a bar masa na ƙarshe ya yi shi kaɗai. In ya iya kwana uku a jere, a bar masa biyun ƙarshe. Kullum shi ke kammalawa, kuma kammalawar ce ke da daɗi.

Sai taimako. A ba da umarni sau ɗaya, gajere, a yi shiru a ƙirga daƙiƙa 5, wani ma sai 10. Wannan shirun shi ne abin da ya fi wa ma'aikata wuya. In ka maimaita maganar da wasu kalmomi kafin ya gama sarrafa ta farko, ka mayar da shi farawa daga tushe. In bai motsa ba, a nuna da yatsa. In bai yi ba, a yi a gabansa ya gani. Sai a ƙarshe a taɓa gwiwar hannunsa ko a kama hannun, kuma da yardarsa. Taimakon baki shi ne mafi wuyar janyewa: mutum ya iya aikin sarai amma ya tsaya a gaban famfo yana jiran a ce "to, buɗe". Shi ya sa a aiki mai jeri gara a tsaya a bayansa a yi shiru a taimaka da hannu, sannan a riƙa ja baya. A takardar kowace rana a rubuta irin taimakon da kowane mataki ya buƙata. In mako biyu suka wuce mataki ɗaya bai motsa ba, a sake raba shi ko a canza kayan, misali sabulun ruwa mai matsawa a maimakon na hannu mai santsi. Wani mai bincike, Marc Gold, ya nuna wannan tun shekarun 1970, lokacin da ya koya wa mutanen da aka yanke ƙauna da su harhaɗa birkin keke: in mutum bai koya ba, hanyar za a canza.

Kuma a yi a wurin da za a yi amfani da shi. Wanda ya iya famfon cibiya ba lalle ya iya na gida ba.

Malama Rabi:
Allah ya saka da alheri. To wanda ke duka fa, ko cizon hannunsa, ko buga kai a bango? Yawancin cibiyoyi da wannan suke korar mutum, kuma shi ne iyalinsa suka fi buƙatar hutun.

Malam Sanusi:
Ruwa ba ya tsami banza. A ɗauki mako biyu ana rubutu kafin a yanke komai. Duk lokacin da abin ya faru a rubuta ƙarfe nawa, a ina, da wa, me ya faru dab da shi, me ya yi daidai, me aka yi bayan nan. A rubuta abin da ido ya gani. "Ya fusata" ba bayani ba ne. "Ya mari kuncinsa sau huɗu da aka ajiye masa kwando na biyu, aka ɗauke kwandon" shi ne bayani.

Galibi za ka tarar ɗaya daga cikin huɗu ne: yana neman a kula shi, yana neman tsira daga wani abu, yana neman wani abu a hannu, ko jikinsa ne ke neman wannan motsin. A misalin da na bayar, marin ya yi masa aiki, an ɗauke kwando. Masu bincike Carr da Durand sun nuna a 1985 cewa in ka koya wa mutum hanya mai sauƙi ta samun abin nan da yake nema, dukan yakan ragu. Sai a ba shi katin "hutu". Sharaɗin shi ne katin ya fi marin sauri da tabbas. A makonnin farko, da ya taɓa katin a ba shi hutun nan take, kowane lokaci, ko da sau 20 ne a rana. Daga baya ne ake shigo da "ƙara ɗaya sannan hutu". Inda ake ɓata shi: ma'aikaci ya ce "ka gama tukuna" tun a kwana na biyu. Mutumin ya gane kati ba ya aiki, mari yana aiki. A kuma sanar da kowa cewa in aka daina biyan tsohuwar hanya, takan ƙaru na ɗan lokaci kafin ta sauka, don kada a watsar da shirin a daidai lokacin da ya fara kamawa.

Nas Hadiza:
Malam, kafin takardarka ta mako biyu, a duba jiki. Mutumin da ba ya magana in hali ya canza masa farat ɗaya, a fara zargin ciwo. Haƙori, kunne, ƙwannafi, ciwon mafitsara, ciwon mara lokacin al'ada, farcen ƙafa da ya shige nama. Mai buga gefen kansa a duba kunne da haƙoran wannan gefen. Likitoci ma sukan faɗa wannan ramin, su ce "larurarsa ce" su sallame shi ba a auna komai ba.

Taurin bayan gida shi ne wanda aka fi rainawa, kuma yana kisa. Magunguna da yawa na ƙwaƙwalwa suna jawo shi, ga ƙarancin motsi da ƙarancin shan ruwa. A riƙa rubuta bayan gida a littafin da ke yawo tsakanin gida da cibiya. Kwana uku ba a yi ba, a yi magana. Zawo mai ruwa-ruwa da ke ɓata wando ba ya nufin ciki ya saki, wani lokaci ruwa ne ke zagaye abin da ya toshe.

Farfaɗiya: kusan 1 cikin 5 na masu raunin fahimta suna da ita, don haka kowane ma'aikaci, har direba, ya san abin yi. A duba agogo, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa. In jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, asibiti ne da gaggawa. Wanda likita ya rubuta masa maganin gaggawa, maganin ya bi shi duk inda za a fita, ba a bar shi a kabad ɗin ofis ba.

Lokacin cin abinci kuma ba lokacin hutun ma'aikata ba ne. Tari ana ci, murya ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, hawaye, yawan ciwon ƙirji, duk alamun matsalar haɗiya ne, kuma abincin da ke zamewa huhu na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan larura. A zaunar da mutum a miƙe, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. Mai cusa abinci da sauri a riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan.

Abu biyu na ƙarshe. Wanda ke gyangyaɗi tun ƙarfe goma na safe, ko yana dalalar da yawu, ko ƙiba ta hau shi cikin 'yan watanni, a rubuta a kai wa likitan da ke ba shi maganin ƙwaƙwalwa irin su risperidone. A Ingila har shiri aka ƙaddamar a 2016, mai suna STOMP, don rage yawan ba masu raunin fahimta irin waɗannan magunguna ba tare da cutar da ta wajabta ba. Amma kada cibiya ko iyali su tsayar da magani da kansu. Sannan, don Allah, kada a taɓa danne mutum rubda ciki a ƙasa. Nauyi a bayansa yana hana ƙirji buɗewa, mutane sun mutu a haka, wasu suna magana har dab da ƙarshe.

Malama Zuwaira:
Ƙari a kan katin Malam Sanusi. Duk abin da mutum ke magana da shi, littafin hotuna ne irin na PECS da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙira a 1985, ko na'ura mai furta magana, ya kasance a jikinsa ko inda hannunsa zai kai. Ana kulle na'ura a kabad wai kada ta fashe, ko a ƙwace ta don ya cika danna abu ɗaya. Wannan rufe masa baki ne. Kuma hotunan kada su tsaya a "ina son ruwa". A sa "a'a", "bari", "ciwo", "banɗaki", "taimaka", da hoton jiki da zai nuna inda ke masa zafi. In ya ce a'a a kan abin da ba dole ba ne, a girmama. Wanda aka horar ya bi duk abin da babba ya ce shi ne mafi sauƙin cutarwa.

A guji hanyar nan da ma'aikaci ke riƙe hannun mutum yana "taimaka" masa ya buga haruffa. An gwada ta ta hanyar nuna wa mai riƙewa hoto daban da wanda aka nuna wa mutumin, abin da ya fito shi ne na mai riƙewa.

Abdulmumin:
Ɗakin natsuwa fa? Wasu cibiyoyi suna da shi, amma ɗakin horo ne da sabon suna.

Malam Sanusi:
Bambancin a ƙofa yake. In shi ke shiga da kansa ya fito da kansa, ƙofa ba kulle, ɗakin natsuwa ne. In tura shi ake yi a tare ƙofa, tsarewa ce. A koya masa zuwa can lokacin da hankalinsa ke kwance. Kuma sau da yawa gyaran babban ɗakin ya fi: dogon ƙwan lantarki mai ƙyaftawa da ƙugi a canza shi, rediyo a kashe, ƙafafun kujeru a sa musu roba, mai son abin toshe kunne a ba shi. Kaɗa hannu ko rausaya jiki da ba ya cutar da kowa a ƙyale shi, da shi yake daidaita kansa.

Hajiya Talatu:
Duk abin da kuka lissafa a kan ma'aikata yake tsayawa, kuma aikin nan ma'aikata ba sa daɗewa a cikinsa. Don haka kada sanin mutum ya zauna a kan ma'aikaci ɗaya. Kowa ya samu shafi guda: abin da yake so, abin da ke tayar masa da hankali, yadda yake nuna ciwo, yadda yake cewa a'a, maganinsa, wanda za a kira. Sabon ma'aikaci ya karanta, ya bi tsoho aƙalla mako guda kafin a bar shi da kowa.

Idan an ce miki ma'aikaci ɗaya ga mutum huɗu, Malama Rabi, ki tambaya ko an ƙirga da manaja da mai girki, sannan ki tambaya me ke faruwa ƙarfe ɗaya na rana in ma'aikaci guda ya kai wani banɗaki, wani ya tafi cin abinci. A nan ne ɗaya ga huɗu ke komawa ɗaya ga tara. Kula da tsarki a rubuta wa zai yi, mace ga mace in dai da hali, a sanar da mutum kafin a taɓa shi. Duk tabo ko ƙujewa a zana a hoton jiki da kwanan wata, na gida da na cibiya. Wurin da ba ya barin iyali su shigo ba sanarwa, ki yi nesa da shi.

Malama Rabi:
Sabon shiga kuma, a kawo shi wuni guda daga ranar farko?

Hajiya Talatu:
A'a. A aika masa hotunan ƙofa, ɗaki, banɗaki da fuskar ma'aikacin da zai tarbe shi, ya yi kwanaki yana gani a gida. Zuwan farko minti 30 zuwa awa ɗaya, a lokacin da wurin ba hayaniya, a yi abin da yake so, a tafi tun bai gaji ba. Sai rabin wuni ba cin abinci, sai rabin wuni da cin abinci, sannan cikakke. Motar cibiya a bar ta ƙarshe, don ita kanta abin koyo ce: kujera ɗaya kullum, tafiyar kada ta yi tsawo, mai rakiya ban da direba. A ƙirga mutane da suna wajen hawa da wajen sauka, sannan direba ya taka har kujerar baya ya leƙa ƙasanta kafin ya kulle mota. Wanda aka san yana sulalewa ya fita, a ajiye hotonsa na kwanan nan da jerin wuraren da ke jan hankalinsa, in an rasa shi kuma a fara da inda ruwa yake da bakin titi.